Ba A Ba Kura Ajiyar Nama: Shari'ar Da Aka Yi Wa Japan A Filin Amurka

A wannan mako za mu kai ku nesa, har ƙasar Amurka, filin wani wasa da galibinmu ba mu taɓa gani ba. Kada wani ya ce ina ruwan mai awon gero da wasan Amurkawa. Ku yi haƙuri ku ji labarin tukuna, gama maganar alƙali ce, maganar alƙali kuwa babu talakan da ba ta shafa ba.

Sunan wasan besbol, mutum tara-tara a ke yi. Ɗaya ya jefo wata 'yar ƙwallo mai tauri wadda ba ta fi lemon zaƙi girma ba, abokin karawa ya tare ta da kulki ya maka. In ya same ta, sai ya yar da kulkin ya sheƙa da gudu. Akwai zango uku a filin, na huɗu shi ne wurin da ya tashi, shi a ke kira gida. Duk wanda ya kewaye zangon nan uku ya komo gida lafiya, ya ci wa jama'arsa ɗaya ke nan. Turmi tara a ke yi. A kowane turmi kowane ɓangare yana da nasa lokacin duka, sai an fitar masa da mutum uku sa'an nan ya ba ɗayan wuri. Akwai doka guda da mu ke so ku riƙe, don a kanta rigimar ta tashi. In aka buga ƙwallo sama, wani ya cafe ta tun ba ta taɓa ƙasa ba, mai dukan ya fita. Wanda ke tsaye a zango yana da ikon rugawa gaba, amma tilas ƙafarsa ta zauna kan zangon har sai ƙwallon ta taɓa hannun mai cafewa. In ya riga ta tashi, shi ma ya fita.

To, a cikin shekarar 2006 aka fara Gasar Besbol ta Duniya, da ƙungiyoyi 16. Masu shirya ta su ne babbar ƙungiyar masu kulob-kulob ta Amurka, wadda a ke kira MLB, tare da ƙungiyar 'yan wasanta. Ran Lahadi 12 ga watan Maris, Amurka da Japan suka haɗu a garin Anaheim cikin jihar Kalifoniya. Mutanen Japan a hannun Amurkawa suka koyi wasan, wani malamin makaranta Horace Wilson ya kai musu shi wajen shekarar 1872. Watau dai almajiri ne ya zo gidan malaminsa neman kokawa.

Japan ta fara cin uku, Amurka ta rama ukun. Aka shiga turmi na takwas ana uku da uku. Japan ke duka, mutanenta sun cika zango uku, mutum ɗaya kaɗai aka fitar mata. Akinori Iwamura ya buga ƙwallo sama wajen hagu, Randy Winn na Amurka ya cafe, Tsuyoshi Nishioka ya taso daga zango na uku ya shigo gida lafiya. Huɗu da uku ke nan. Amurkawa suka ce ya riga ƙwallo tashi. Alƙalin da ke kusa da zangon, Brian Knight, ya ce a'a, daidai ya tashi. Sai mai horar da 'yan wasan Amurka, Buck Martinez, ya fito ya tafi wajen alƙalin da ke tsaye a gida, Bob Davidson, ya kai kuka. Davidson ya gana da ɗan'uwansa, ya juyo ya soke hukuncin, ya ce Nishioka ya fita. Hujjarsa ita ce wai hukuncin nan hakkinsa ne tun farko, ba na Knight ba. Ci ya tashi a banza, mutum uku sun cika, lokacin dukan Japan ya ƙare. A turmi na tara Alex Rodriguez ya buga wadda ta kawo wa Amurka na huɗu, aka tashi huɗu da uku.

Masu talabijin suka yi ta maimaita hoton a hankali, duniya ta gani da idonta, Nishioka bai yi gaggawa ba. Mai horar da 'yan wasan Japan, Sadaharu Oh, dattijo ne wanda ya buga ƙwallo ta fice fili sau 868 a zamaninsa, ba mai yawan magana ba ne. Ya fito ya yi gardama cikin ladabi, ba a saurare shi ba. Bayan wasa ya nuna takaicinsa cewa a ƙasar da ta haifi wasan a ke yin haka. A can Japan kuwa safiyar Litinin ce, mutane sun yi sammako suna kallo kafin su tafi aiki. Gari ya ɗauka. Jaridu da gidajen talabijin suka yi ta yi, har aka riƙa kiran abin kuskuren shari'a na ƙarni guda. Sunan Davidson ya shiga bakin yaro da babba. A Amurka ma marubutan wasanni da 'yan kallo da yawa sun yarda an yi kuskure, wannan kuwa abin a yaba musu ne.

Ba a nan ta tsaya ba. Bayan kwana huɗu, ran Alhamis 16 ga wata, a filin nan dai, Amurka ta kara da Meziko. Davidson na cikin alƙalai. Mario Valenzuela na Meziko ya maka wa jifar Roger Clemens kulki, ƙwallo ta tashi ta bugi dogon ƙarfen nan mai ruwan ɗorawa da a ke kafawa a kan iyakar fili. A doka, ƙwallon da ta bugi ƙarfen nan a sama cikakken ci ne, mai duka ya kewaye zango duka ya komo gida ba mai tare shi. Davidson ya ce zango biyu kaɗai ya samu. Mutanen Meziko suka ɗauko ƙwallon suka nuna fentin ƙarfen a jikinta, aka ce hukunci ya riga ya fita. Allah da ikonsa, Jorge Cantu ya buga wadda ta shigo da Valenzuela gida duk da haka, Meziko ta ci biyu da ɗaya, Amurka ta fita daga gasar da ta shirya da kanta. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi ya ke bi.

Faɗuwar Amurka ita ta buɗe wa Japan ƙofa. Ƙasashen uku kowace ta ci wasa ɗaya ta sha kashi a biyu, aka duba wadda aka fi ci kaɗan gwargwadon yawan turmin da ta yi tana tsaro, ta faɗo kan Japan. Ta tafi San Diego ta ci Koriya ta Kudu shida da babu, ran 20 ga Maris ta ci Kuba goma da shida, ta ɗauki kofi.

Yanzu ga abin da ya sa muka kawo labarin. Fushin 'yan kallo daidai ne, muna tare da su. Wanda aka cuta ya yi shiru ya koya wa azzalumi hanya. Amma galibin fushin kan mutum ɗaya ya sauka, watau Davidson, a nan ne muka rabu da su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku tambaya, wa ya ajiye Davidson a wurin? Masu gasa ne. Su suka tsara wasannin, su suka zaɓi filayen, su suka ɗebo alƙalai, galibinsu Amurkawa, daga ƙananan gasanninsu na cikin gida, don ba su daidaita da ƙungiyar manyan alƙalansu ba. Su ne kuma kuɗin ƙofa da na talabijin ke bi ta hannunsu. Har wa yau mutane da yawa sun lura yadda aka jera wasannin, Amurka ba za ta haɗu da Kuba ko Dominika ko Benezuwela ba sai a wasan ƙarshe. Mutum ɗaya shi ne mai gida, shi ne mai takara, shi ne mai naɗa alƙali, shi ne ma'aji. In aka yi kuskure a irin wannan gida, don me za a zagi ɗan aike a ƙyale wanda ya aiko shi?

Mun san abin da za a ce mana, bari mu amsa ɗaya-ɗaya.

Za a ce Knight da ya yi hukuncin gaskiya ai shi ma Ba'amurke ne. Haka ne, ba mu musa ba. Ba mu ce an ba Davidson toshiyar baki ba, ba mu kuma ce ya yi da gangan ba. Ɗan Adam ajizi ne, ido ɗaya ba ya duban hannun mai cafewa da ƙafar mai gudu a lokaci guda. Amma ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan. In mai sayen kayanka shi ya zo da mudunsa, shi ya zo da mai awonsa, ko da awon ya cika ba za ka koma gida da kwanciyar rai ba. Ranar da ya kasa kuwa, ba wanda zai iya rantse maka cewa kuskure ne. Alƙalin da ɓangare ɗaya ya naɗa, ko waliyyi ne, an ɗora masa zargin da ba zai iya wanke kansa ba. An cuci wanda a ke yi wa shari'a, an cuci alƙalin kansa. Shi ya sa a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ba a ba ɗan ƙasa busa a wasan ƙasarsa. Ba don duk alƙalai ɓarayi ba ne, don a rufe ƙofar zato ne.

Za a ce ko da an bar cin nan, ba tabbas Japan za ta yi nasara. Gaskiya ne, gaibu sai Allah. Amma wanda aka ƙwace wa sule ba a ce masa ai da ma ba za ta sa ka arziki ba. Sulensa ce, a ba shi abinsa.

Za a kuma ce, to ai Japan ta ɗauki kofi, me ya rage? Wannan ita ce maganar da ta fi kowace haɗari, ita ce kuma a ke lallashin talaka da ita kullum. Ku duba da kyau. Ba a mayar wa Japan cinta ba, ba a sake wasan ba, ba inda ta ɗaukaka ƙara aka saurare ta. Abin da ya cece ta shi ne mutanen Meziko, waɗanda damarsu ta wucewa ta kusa ƙarewa, amma suka ƙi sayar da mutuncinsu, suka yi wasa da gaske. Da Amurka ta ci wasan nan, da Japan ta tattara kayanta ta koma gida, da yau ba mai tuna Nishioka sai 'yan garinsu. Sa'a ce ta zo, sa'a kuwa ba shari'a ba ce. Wanda haƙƙinsa ke jiran sa'a, wata rana zai kwana da yunwa.

Abin da ya biyo baya shi ya nuna amfanin magana. A shekarar 2008 MLB ta yarda a riƙa komawa ga hoton talabijin in an yi gardama kan ƙwallon da ta fice fili, irin ta Valenzuela. A 2014 ta faɗaɗa abin, har mai horarwa ya sami ikon neman a sake duba hukunci. Ba mu ce rigimar Anaheim kaɗai ta kawo wannan ba, kura-kurai ne suka taru, 'yan kallo suka ƙi yin shiru, har masu abin suka ga kasuwarsu za ta lalace. A 2012 kuma ƙungiyar 'yan wasan Japan ta tsaya kai da fata ta ce ba za ta shiga gasar 2013 ba saboda yadda a ke rabon kuɗin talla, sai da aka zauna da ita sa'an nan ta janye. Ku lura, ɗaiɗaiku sun yi zagi sun gaji sun koma gida, ƙungiya ce ta sa aka zauna. A fili kuwa Japan ta sake ɗaukar kofi a 2009, bayan ta ci Amurka tara da huɗu a wasan kusa da ƙarshe, a 2023 kuma ta ci ta uku da biyu a wasan ƙarshe a garin Miami.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa talakawa, abin da mu ke ɗauka daga wannan labari abu uku ne, kuma su ne mu ke nema a duk inda a ke yanke wa mutane hukunci, ko filin wasa ne, ko rumfar awo, ko ɗakin shari'a, ko wurin ƙirga ƙuri'a. Na ɗaya, mai takara kada ya naɗa alƙali. Na biyu, a yi hukunci a fili inda kowa ke gani, a ajiye shaidar da za a iya komawa gare ta. Na uku, a bar wa wanda bai gamsu ba ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa ga wanda ba ya cin abinci a hannun abokin shari'arsa. Duk wanda ya ƙi ɗaya daga cikin ukun nan, ya ce a dai amince da shi don shi mutumin kirki ne, ku tambaye shi abin da ya ke tsoro.

Kuma in an cuce ku, kada ku ƙare ƙarfinku kan ɗan aike. Jifa da zagi ba su taɓa mayar da hukunci ba, sai dai su ba masu iko hujjar kama ku. Ku riƙe shaidarku kamar yadda mutanen Meziko suka riƙe ƙwallo mai fenti, ku nuna wa duniya. Ku haɗa kai, ku shiga ƙungiya, ku biya kuɗin kati, ku halarci taro, ku tambayi wanda ya naɗa alƙalin da wanda ke biyansa. Davidson ya yi ritaya, wani ya hau wurinsa. In ba a gyara hanyar naɗin ba, gobe wani za a zaga, kura kuwa tana nan riƙe da nama.

Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya komai ɗacinta, amin. Haza wasalam.