A Saurari Inji Kafin a Sayi Filogi

Da zarar tsohuwar Peugeot 504 ta fara kakkarwa tsakanin Dogarawa da Kwangila, abin da bakanike kan fara cewa shi ne a sayo filogi huɗu. Ban yarda da wannan gaggawar ba.

A bar injin yana aiki, a riƙa zare wayar filogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba, domin wutar kwail ba ta da wasa. Wadda aka zare amma ƙarar ba ta sauya ba, silindarta ce ba ta kamawa. Sai a kwance filoginta. In ya yi baƙi a bushe, fetur ya yi yawa. In ya jiƙe da baƙin mai, galibi ringin fistin ne ya cinye, kuma sabon filogi ma jiƙewa zai yi.