Sharhi: Kajiji a Gindin Rijiya

 

Duk wanda ya taɓa shiga garka a fadamar Gesheme, ko a bakin Tapkin Saw na Dogon Dutsi, ya san akwai wani lungu da mai garka ba ya son kai baƙo. Ko dai gindin rijiya ne inda tiyon injin ban ruwa yake yoyo, ko ƙarshen hanyar ruwa inda rara take kwanciya. Ƙasar wurin ta zama taɓo, takalmi yana maƙalewa. An sa tumatir ya ruɓe, an sa albasa ta yi rawaya, dankali kuwa ko a gwada. Daga ƙarshe mai garka ya haƙura, ya bar wa kwaɗi.

To, akwai tsiron da wannan taɓo ne abincinsa, kuma ɗan gida ne: kajiji.

Iyayenmu mata ba sa buƙatar a gabatar musu da shi. Saiwarsa ce suke dakawa a haɗin turaren wuta, ita ce ƙamshin ɗakin amarya da na mai jego. Amma da yawa daga masu sayensa a kasuwa ba su taɓa ganinsa a tsaye ba. Kara ne kore, siriri, mulmulalle, ba ganye, yakan kai ƙirjin mutum. In ka ja shi tsakanin yatsu biyu za ka ji gaɓa-gaɓa a cikinsa. Dukiyar tana ƙasa, baƙar saiwa mai ratsin ja, wadda in ta bushe ka karya, ƙamshin zai wuni a hannunka.

Yawancin kajijin da ke kasuwanninmu tonowa ake yi a bakin tafki, ba a shuka ba. Kowa ya zo da fartanya ya ɗiba ya tafi. Ga garake suna ta matsowa bakin ruwa, ga rairayin da ƙoramu ke kwasowa daga tudu yana cike tafkuna, ga kacala tana mamaye inda ruwa ya rage. Dallol Mawri, wannan tsohon kwari da ya ratsa Matankari da Dogon Dutsi da gundumar Tibiri ya gangara kudu, ba ƙaramin wuri ba ne. A shekarar 2004 aka sanya wani sashensa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Sai dai takarda ba ta tsirar da ciyawa. Abin da manomi ya ga yana kawo masa kuɗi, shi yake karewa.

Wasu sun riga mu gane haka. A jihar Para ta ƙasar Barazil, wannan tsiro dai suna kiransa piripiriyoka, manoma suna shuka shi, kamfanin Natura yana saye yana yin turare. A Mali da Senegal sunansa gowe, matansu ba sa haɗa turaren ɗaki ba da shi ba. Ga kuma ƴar'uwarsa aya, dangi ɗaya suke. Ayar da ake nomawa a jihar Maraɗi har Sifen take kaiwa, inda mutanen Balansiya ke yin kununta suna sha da ƙanƙara. Ita ma ai daga ciyawa ta fara.

Shukar kajiji ba ta da wuya. Ba a neman iri a kanti. Ka samo tushe ɗaya mai rai, ka raba shi gida-gida, kowane yanki da ɗan tohonsa. Ka rage tsawon karan, ka dasa a taɓo, ka bar tazarar kamu ɗaya tsakani. Wuri mai rana yake so, kada kuma ƙasar ta bushe. Ba sai ka ƙara sayen man inji dominsa ba, ruwan da ya kuɓuce wa dankali ya ishe shi. Albarkacin kaza ne ƙadangare kan sha ruwan kasko. In tushe ya cika ya yi duhu, ka tone rabi ka bar rabi. A wanke saiwar, a shanya a inuwa, don rana mai zafi tana rage ƙamshi.

Mun san abin da wani manomi zai ce yanzu: "Malam, aya-aya ta gasa mini aya a hannu, shekara nawa ina fama, yanzu kuma in kawo ɗan'uwanta da kaina?" Tsoronsa yana kan hanya. Kajiji ma ta ƙarƙashin ƙasa yake yaɗuwa. Bambancin shi ne, aya-aya tana bin fangali duk inda yake, shi kuwa ya fi ƙarfi inda ruwa ke kwanciya. Duk da haka a yi masa iyaka: a haƙa ɗan rami a zagaye shi, ko a binne rabin tano a dasa ciki, ana dubawa ana datse abin da ya tsallaka.

Kiranmu na farko ga ƙungiyoyin mata ne, irin su Mata Masu Dubara: ku da kuka san darajar kayan, ku nemi aron waɗannan lunguna a hannun masu garka, a yi yarjejeniya a gaban shaidu. Na biyu ga malaman gona da cibiyar bincike ta INRAN: a gwada shi a ƙasar dallol, a faɗa wa manomi lokacin tono da abin da taki ɗaya zai bayar.

Kai kuma mai garka, gobe in ka je ban ruwa, tsaya a wurin nan da takalminka ke maƙalewa, ka auna taki nawa ne. Dasa tushe biyar kawai, ka ga abin da Allah zai yi kafin damina.