Shaidar Marubuci a Kan Littafinsa

Sa'ad da Louis Henry Cohn, mai sayar da littattafai a birnin New York, ya ɗaura aniyar tsara fihirisin ayyukan Ernest Hemingway, wanda ya fito a 1931, sai da ya yi ta aika masa wasiƙu yana neman tahaƙiƙin bugu da adadi, shi kuwa gogan yana amsawa da ba'a, don bai ga fa'idar ƙididdige rubutun mai rai ba. A ganina Cohn ke da gaskiya, domin littafin Hemingway na farko kwafi 300 kacal aka buga a Faransa a 1923, kuma riwayar mai abu, ko da mantuwa ta gauraya da ita, ba ta samuwa bayan ya riga mu gidan gaskiya.