Shari'ar Jarida Ba Ta Kama Mai Kisa

Babu wani laifi da ke girgiza zukatan jama'a kamar kisan ƙaramin yaro. Idan kuwa aka daɗe ba a kama wanda ya aikata ba, sai mutane su ƙosa, su shiga neman wanda za su ɗora wa laifin. A irin wannan hali ne jaridu kan yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Abin da ya faru a ƙasar Faransa ya isa darasi ga duk mai riƙe da alƙalami.

Ranar 16 ga Oktoba, 1984, aka tsamo gawar wani yaro ɗan shekara 4 mai suna Grégory Villemin daga kogin Vologne, a gabashin Faransa, an ɗaure masa hannu da ƙafa. Tun kafin wannan rana, an yi shekaru wani da bai bayyana kansa ba yana aiko wa iyalin wasiƙun barazana, yana kuma buga musu waya. Nan da nan 'yan jarida suka cika ƙauyukan yankin, alƙalin da ke binciken kuwa ya riƙa ganawa da su yana sakin bayanan da ya kamata a ɓoye.

Wanda aka fara kamawa shi ne Bernard Laroche, ɗan'uwan mahaifin yaron, bisa shaidar ƙanwar matarsa, yarinya 'yar shekara 15, wadda ta janye maganarta bayan 'yan kwanaki. An sake shi a watan Fabrairu na 1985, amma hotonsa ya riga ya zaga ƙasa. Ranar 29 ga Maris ta wannan shekara mahaifin yaron ya harbe shi har lahira. Mutumin ya mutu ba tare da wata kotu ta saurari shari'arsa ba, uban kuma ya tafi kurkuku.

Daga nan sai zargi ya koma kan uwar yaron, Christine. A watan Yuli na 1985 aka tuhume ta, aka tsare ta tana da ciki. A cikin wannan wata ne shahararriyar marubuciya Marguerite Duras, wadda ba ta taɓa ganawa da ita ba, ta yi rubutu a jaridar Libération mai nuna cewa ita ce ta aikata. Sai a 1993 kotu ta wanke ta, ta ce babu wata hujja a kanta ko kaɗan. Shekara 8 ke nan mace na makokin ɗanta, ana kuma nuna ta da yatsa. Har wa yau ba a hukunta kowa a kan kisan yaron ba.

Babu shakka jarida na da aiki babba a irin wannan al'amari. Ita ce ke hana a binne magana, ita ce ke tsikarar 'yan sanda idan sun yi barci. Amma tsikarar hukuma daban, yanke hukunci daban. Mai karatu ba ya ganin takardun bincike. Abin da yake gani shi ne babban kanu da hoto. Idan aka maimaita sunan mutum kusa da kalmar kisa na tsawon wata guda, to an gama da shi, domin labarin wankewa yakan zo a makare, a ƙaramin shafi. Magana zarar bunu ce. Mai cin ribar wannan ruɗani kuwa shi ne ainihin mai laifin, wanda ke gefe yana kallo ana kama wani.

Saboda haka ya zama wajibi editoci su bambanta abin da aka tabbatar da abin da ake zato, su guji buga sunan wanda ba a gurfanar ba, in kuma kotu ta wanke mutum su ba labarin girman da suka ba zargin. Masu bincike su kame bakinsu har sai hujja ta nuna. Jama'a kuma su tuna cewa zato zunubi ne. Haƙƙin yaron da aka kashe shi ne a kama wanda ya kashe shi, ko da za a daɗe ana nema.