Daga Jos Zuwa Bauchi A Kan Keke Cikin Ruwan Agusta

 Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da dama suka koma zaure suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, manya kuma suka yi ta yabon keke, wai ga arha ga ƙarin lafiya. Da yake gani ya kori ji, wata Asabar cikin Agustan 2024 na ɗaura niyyar hawa keke daga Jos zuwa Bauchi, tafiyar kilomita 130 ko kusa da haka, domin in san abin da mai keke yake gamuwa da shi a babbar hanya cikin damina.

Kekena tsohon Raleigh ne na mahaifina, irin wanda ya yi tashe kafin kuɗin Udoji na wajen 1975 su sa ma'aikata su koma babur. Na ɗaure jaka a kariya, da famfo da kayan faci da goran ruwa, na bar gida ƙarfe shida na safe. Lissafina mai sauƙi ne: Jos tana bisa tudu, wajen mita 1,200 daga bakin teku, Bauchi kuwa ba ta fi rabin haka ba sosai. Na ɗauka gangara za ta yi mini rabin aikin. Ashe a cikin ruwa gangara ita ce abar tsoro.

Ban kai Tilden Fulani ba hadari ya haɗu daga gabas, yayyafi ya fara. Kafin Magama Gumau ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. A nan na koyi darasi na farko. Burkin irin wannan keke roba ce mai matse gefen gargaren ƙarfe. In gargaren ya jiƙe, robar ba ta kamawa sai taya ta juya sau da yawa ta share ruwan. Na matsa burki a wata gangara, keke ya ci gaba da gudu kamar ban taɓa shi ba. Dabarar ita ce mutum ya riƙa ɗan matsawa tun daga nesa, kafin ya bukaci tsayawa.

Darasi na biyu sanyi ne. Rigar auduga in ta jiƙe takan manne a jiki, iskar gangara ta yi ta kwashe ɗumin mutum har yatsu su sandare, ya kasa riƙe kan keke sosai. Na uku kuwa, ruwa yana wanke man kaca, yashi ya maye gurbinsa, feda ta yi nauyi. Kududdufi kuma ba ya faɗin zurfinsa. Ramin da ke ƙarƙashinsa ya isa ya lanƙwasa gargare.

Amma duk waɗannan abubuwa ne da mutum zai iya magancewa da hankalinsa. Wanda ya fi ƙarfina ya same ni ne kafin Nabordo. Gefen kwalta ya zaizaye, ruwa ya cinye wurin da mai keke zai raɓe, tilas na hau tsakiyar hannuna. Wata babbar mota ta taho daga baya tana ta ƙaho, ba ta rage gudu ba, ga wata kuma tana tahowa daga gaba. Na faɗa cikin taɓo ni da keken, motar ta wuce ta watsa mini ruwan laka. Na tashi da ƙujewa a gwiwa da hannu. Da na yi jinkirin ƙiftawar ido, da wani ne ya rubuta muku wannan fili a yau.

Na tura keken zuwa wata rumfar mai shayi, inda na tarar da wani dattijo ya fake, da buhun taki ɗaure a bayan nasa keken. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Sannu ɗana. Motarka ce ta lalace?" Na ce, "A'a Baba, da gangan na fito, ina so in ga yadda hanyar take." Ya yi dariya har ya ajiye kofinsa. Ya ce shi shekara da shekaru yake bin hanyar nan ranar kasuwa, ko da ruwa ko babu, kuma abin da ya koya ɗaya ne: in ya ji ƙugin babbar mota, sauka yake yi ya ba ta wuri, domin mai keke ba shi da gaskiya a kan kwalta. Ya gargaɗe ni kada in fake gindin itace in ana tsawa, sa'an nan ya ɗiga wa kacata ɗan baƙin mai daga wata kwalba da yake yawo da ita.

Maganar dattijon nan ita ta raka ni har na wuce dutsen Zaranda da Buzaye, na shiga Bauchi ana kiran magariba, ruwa ya ɗauke, ƙafafuna suna rawa. Ni na yi tafiyar kwana ɗaya ne don son raina, gobe in hau mota in koma. Manomi da ɗan makaranta da mai tallan itace ba su da wannan zaɓi.

Ba yau aka fara kiran 'yan Nijeriya su hau keke ba. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi wannan kira da ƙarfinsa, har yana zuwa aiki a kan keke, sai da wata mota ta ture shi cikin kwata a Abuja. A 2018 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya. To, in minista bai tsira ba a babban birnin ƙasa, ina ga talaka a bayan gari?

Saboda haka kirana ga hukumomin ayyuka shi ne, duk hanyar da za a gina ko a gyara, a shimfiɗa mata kafaɗa mai faɗi da kwalta, a kuma yi mata magudanar da za ta hana ruwa cinye gefenta. Ƙungiyoyin direbobi su ja kunnen 'ya'yansu cewa rage gudu na ɗan lokaci ba ya hana isa. Ku kuma 'yan'uwana masu keke, ku duba robar burki kafin ku fita, ku sa tufa mai haske, ku liƙa abin da zai ƙyalla a bayan keken, domin direba ba ya gani sosai cikin ruwa.