Kalma Ɗaya, Ma'ana Barkatai

Jama'a, akwai wata al'ada a makarantunmu wadda ya kamata mu sake dubawa, watau a rubuta kalmar Turanci a allo, a ajiye ta Hausa guda ɗaya a gabanta, a ce yara su haddace. A ganina wannan hanya ita ke haifar da yawancin kurakuran fassara a ofisoshi.

Mu ɗauki kalmar post. Na taɓa ba ɗalibai jimlar "He left his post" su fassara. Wani ya rubuta, "Ya bar wasiƙarsa," alhali ana nufin mutumin ya bar bakin aikinsa. Da a takardar ƙara ce, da mai laifi ya kuɓuta, ko kuwa a zargi wani a kan wasiƙar da babu ita.

Dalilin ruɗanin shi ne asalin kalmar ba ɗaya ba ne. Akwai post mai nufin dirka ko turke, daga postis na Latin, watau dogaran ƙofa. Da yake a jikin dirka akan manna sanarwa, sai manna sanarwar ma ya zama post, har abin da mutum ya sa a intanet yau.

Ta biyu ta shigo ta Faransanci da Italiyanci, tushenta ponere na Latin, watau ajiyewa. A da akan ajiye mahaya da dawaki zango zango bisa hanya, wannan ya miƙa wa wancan takardar sarki. Sarkin Ingila Henry na 8 ya naɗa Brian Tuke shugaban waɗannan zanguna. Daga zango sunan ya koma kan wasiƙu da gidan waya. Daga wannan tushe kuma aka sami post na wurin da aka tsai da soja, da muƙami. Ta uku tana nufin "bayan", ita ce p ta cikin p.m., watau bayan tsakar rana.

Mu ma ai haka muke. Waya asalinta ƙarfe ne, ga shi ta zama tarho, ta zama gidan aika wasiƙa.

Saboda haka ina roƙon malamai su koyar da kalma cikin jimla, su kuma saba wa yara da karanta bayanin ƙamus har ƙarshe. Malamin ofis kuwa kada ya fassara kalma sai ya dubi maƙwabtanta. Allah ya sa mu gane, amin.