Rangwamen Haraji ga Masu Sayen Gida da Masu Babban Albashi: Fa'idodi da Illoli

Duk ranar da ministan kuɗin Birtaniya ya ɗauki jan akwatinsa zai je majalisa karanta kasafi, akwai tambayoyi biyu da ba sa rasa tasowa: me za a sassauta wa mai son mallakar gida, kuma nawa za a bar wa mai babban albashi a aljihunsa? Muhawarar ta daɗe a can, haka ma a Amurka, kuma ƙasashen biyu sun gwada rangwamen, sun rage shi, wani lokaci sun soke shi baki ɗaya, don haka akwai abin dubawa a tarihinsu.

Rangwamen haraji ba kuɗi ba ne da gwamnati ke miƙa wa mutum hannu da hannu. Wani kaso ne na abin da ya kamata ta karɓa take yafewa. Ga mai sayen gida, ko dai a cire kuɗin ruwan bashin da ya ci daga cikin samunsa kafin a yanka masa haraji, ko a ɗauke masa harajin hatimin da ake biya ranar ciniki. Ga mai babban albashi kuwa, ko a rage kason da ake karɓa a saman samunsa, ko a bar masa abin da yake zubawa a asusun fansho ba a taɓa ba. Abubuwan biyu sun fi kusanci da juna fiye da yadda ake zato, domin sau da yawa mutum guda ne ke cin moriyarsu duka.

Fa'idodi

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta mai sayen gidansa na farko. Irin wannan mutum yakan iya biyan bashi wata-wata, tunda dama yana biyan haya, amma tara kuɗin kafin alƙalami shi ne ke gagararsa. Harajin hatimi yana faɗowa ne daidai ranar da ya fi kowace rana ƙarancin kuɗi a hannu. Shi ya sa a watan Nuwamban 2017 ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, Philip Hammond, ya ɗauke wannan haraji ga masu sayen farko a kan fam 300,000 na farkon farashin gida. Ga ma'auratan da suka shekara biyar suna tari, 'yan dubban da aka yafe na iya zama bambancin shiga gida bana ko jira sai baɗi.

Akwai kuma batun motsin kasuwa. Harajin da ake biya duk lokacin da gida ya sauya hannu yana sa mutane su maƙale inda suke: tsohuwar da 'ya'yanta suka watse ta ci gaba da zama a gida mai ɗaki huɗu, ma'aikacin da ya sami aiki a wani gari ya fasa tafiya. Da Rishi Sunak, yana ministan kuɗin Birtaniya, ya dakatar da harajin hatimi har zuwa fam 500,000 a watan Yulin 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da komai, ciniki ya farfaɗo, kuma masu gini, kafintoci da masu sayar da kayan ɗaki suka sami na tuwo. Ko amfanin ya kai abin da aka kashe, wannan wata magana ce, amma ba a musun cewa kasuwa ta motsa.

Masu goyon baya sukan ƙara da cewa mai gidan kansa ya fi ɗan haya kula da unguwa, kuma ya fi samun abin dogaro idan tsufa ya zo. Akwai gaskiya a ciki, ko da yake da wuya a tantance ko gidan ne ya kawo natsuwar, ko kuwa masu natsuwar ne dama suka fi sayen gida.

Wani gyaran haraji ma ba fifiko ba ne, daidaita ma'auni ne. Kafin 2003, Musulmin Birtaniya da ya guji riba ya sayi gida ta hanyar bankin da ke saye sannan ya sayar masa, yakan biya harajin hatimi sau biyu, domin gidan ya sauya hannu sau biyu a takarda. Da aka cire biya na biyun, babu wanda aka ɗaukaka a kan wani. An dai daina cin tarar mutum saboda addininsa.

A ɓangaren masu babban albashi, abin da ake fara kawowa shi ne nauyin da suka riga suka ɗauka. A Birtaniya, kashi 1 cikin 100 na masu biyan harajin samu, wato na can sama, su ke biyan fiye da rubu'in dukkan abin da ake tarawa ta wannan hanya. Gwamnatin da ta dogara haka a kan mutane ƙalilan dole ta yi hattara, domin su ne suka fi kowa ikon ƙaura ko sauya fasalin samunsu. Faransa ta ɗanɗana haka a zamanin shugaba François Hollande: harajin kashi 75 a kan albashin da ya haura yuro miliyan 1 bai tara abin a zo a gani ba, ya jawo surutu, kuma an bar shi ya mutu bayan shekara biyu.

Misalin likitocin Birtaniya ya fi wannan kusa da rayuwar talaka. Ƙa'idojin harajin fansho sun kai matsayin da babban likita kan ƙi karɓar ƙarin aiki, ko ya yi ritaya da wuri, saboda ƙarin awoyin na iya jawo masa takardar harajin da ta cinye ladan. A watan Maris na 2023 ministan kuɗi Jeremy Hunt ya ɗaga iyakar abin da ake zubawa a asusun fansho a shekara daga fam 40,000 zuwa 60,000, ya kuma sanar da soke iyakar abin da mutum zai tara a tsawon rayuwarsa. Rangwame ne ga masu hali, babu shakka, amma majinyacin da ke layin tiyata ma yana da rabo a ciki.

Illoli

Illa ta farko lissafi ne kawai, kuma ita ce ta fi wuyar kaucewa. Idan rangwamen na cire kuɗin ruwa ne daga samu kafin a yanka haraji, to darajarsa tana bin kason da mutum ke biya. A ɗauki Amurkawa biyu da kowanne ya biya dala 10,000 na ruwa a shekara. Wanda ke kan kashi 37 za a rage masa dala 3,700, wanda ke kan kashi 12 dala 1,200, wanda samunsa bai kai a yanka masa haraji ba kuwa ko sisi. Ga shi kuma mai babban albashi ne ke cin babban bashi, don haka tazarar ta fi haka a zahiri. Ɗan haya, wanda galibi shi ya fi buƙata, yana gefe yana kallo. Tun bayan dokar haraji ta 2017 a zamanin Donald Trump, wadda ta kusan ninka rangwamen bai-ɗaya da kowa ke samu, kusan ɗaya cikin goma ne kawai na masu biyan haraji ke lissafa rangwamensu dalla-dalla, kuma mafi yawansu masu hali ne. Dokar dai ta rage bashin da ake yi wa rangwame daga dala miliyan 1 zuwa 750,000, amma wannan ma ba bashin malamin firamare ba ne.

Ta biyu ita ce farashi. Inda gidaje ba su wadata ba, kuma samun izinin gini ke da wuya, duk abin da aka ƙara wa masu saye a aljihu yakan ƙare a hannun mai sayarwa. A ranar da Hammond ya sanar da nasa rangwamen, hukumar da ke bin diddigin kasafin Birtaniya ta yi hasashen zai ɗaga farashin gidaje da kashi 0.3, ta kuma ce waɗanda suka riga suka mallaki gida ne za su fi amfana. An taɓa ganin irin haka a 1988, lokacin da ministan kuɗi Nigel Lawson ya ba da sanarwar watanni kafin ya hana mutane biyu da suka haɗa kuɗi kowanne ya karɓi rangwamensa a kan gida ɗaya; jama'a suka yi rububin saye kafin watan Agusta, farashi ya yi sama, ba a jima ba kasuwar ta faɗi. Adalci ne a ce wannan illa tana raguwa a inda fili ke da yawa kuma magina ke iya amsa buƙata da sauri.

Abin mamaki, babu tabbacin rangwamen na ƙara yawan masu gida. Kanada ba ta cire kuɗin ruwan gidan zama daga haraji, amma kason masu gidan kansu a can, wajen biyu bisa uku, bai gaza na Amurka ba. Abin da rangwamen ya fi yi shi ne sa wanda dama zai saya ya sayi wanda ya fi girma, da bashin da ya fi nauyi. Holand, inda aka daɗe ana yin rangwamen da hannu biyu, ta zama cikin ƙasashen Turai da magidanta suka fi cin bashin gida, sai da ta fara ja da baya daga 2013, ta ce sabon bashi ba zai sami rangwame ba sai wanda za a biya cikin shekara 30.

Sannan abin da aka ba mutane da sunan rangwame ya fi abin da aka kashe a kasafi wuyar janyewa, domin ba ya fitowa a jerin kuɗin da gwamnati ta kashe, ba a kuma sake muhawara a kansa kowace shekara. Tsarin MIRAS na rangwamen kuɗin ruwan bashin gida a Birtaniya, wanda aka kafa a 1983, sai da aka yi ta ɗebe shi kaɗan-kaɗan: aka bar iyakarsa a fam 30,000 hauhawar farashi ta cinye ta, a 1991 aka hana masu babban kaso cin nasu fifikon, sannan ministan kuɗi Gordon Brown ya rufe shi a watan Afrilun 2000. Kasuwar gidaje ba ta rushe ba bayan haka, wanda ya ba masu suka hujja, ko da yake raguwar kuɗin ruwa a wancan lokacin ta taimaka wajen ɓoye zafin.

Da'awar cewa rage wa masu kuɗi haraji zai biya kansa ta hanyar bunƙasar tattalin arziki ita ce ta fi rauni. Jihar Kansas ta Amurka ta gwada a 2012 ƙarƙashin gwamna Sam Brownback, kuɗin shiga ya faɗi, makarantu da hanyoyi suka ji a jikinsu, a 2017 majalisar jihar, wadda 'yan jam'iyyarsa ke da rinjaye a cikinta, ta warware yawancin dokar duk da ƙin amincewarsa. A Birtaniya, ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya sanar da soke kason kashi 45 na masu babban albashi a ranar 23 ga Satumban 2022, cikin wani tarin ragin da ba a faɗi inda za a samo kuɗin cike giɓinsa ba. Darajar fam ta faɗi, kuɗin ruwan bashin gida ya tashi, bayan kwana goma aka janye. Masu sayen gidan da ake cewa ana tausaya wa su suka kwana a ciki. Wannan bai nuna kowane ragi kuskure ne ba. Saukar da kaso daga 83 zuwa 60 a 1979 daban yake da saukar da shi daga 45 zuwa 40.

Ta ƙarshe ta shafi wanda tsarin bai san da zamansa ba, kuma a nan ne batun ya taɓo Najeriya. Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta bar rangwamen kuɗin ruwan bashin gidan zama da na gudummawar asusun gidaje na ƙasa, ta kuma ƙara wa ɗan haya nasa: kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyaka naira 500,000. Tunawa da ɗan haya ci gaba ne da Amurka ba ta yi ba a matakin tarayya. Sai dai magidanci a Kano ko Gusau ba kasafai yake zuwa banki neman bashin gida ba. Fili yake saye, bana ya buga bulo, baɗi ya kai linta, ya jira adashi ko kuɗin kaka kafin ya ɗora kwano, wani kuma ko an ba shi bashin ba zai karɓa ba saboda riba. Shi ma gida yake ginawa, amma ba shi da takardar kuɗin ruwa da zai nuna wa jami'in haraji.